BABI NA HUƊU: KWATANCIN FIM ƊIN "THE GODS MUST BE CRAZY" NA FARKO DA NA BIYU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar barkwanci da ire-irensa da kuma yadda ya sami gindin zama a cikin fim. A wannan babi kuwa za a ɗauki finafinai biyu na ban dariya waɗanda mutum ɗaya ya shirya, a auna na biyun da na farkon, domin a ga abin da ya ɗore, da abin da ya sauya, da kuma abin da ya salwanta a tsakaninsu. Finafinan su ne "The Gods Must Be Crazy" na shekarar 1980 da kuma "The Gods Must Be Crazy II" na shekarar 1989, dukkansu na Jamie Uys, mutumin Afirka ta Kudu. Ma'anar sunan ita ce lalle alloli sun zautu, wato bisa ga imanin mutanen da ke cikin labarin.

Yana da kyau tun daga nan a fayyace abin da ake nufi da kashi na biyu a wannan nazari. A finafinan Hausa na bidiyo an saba a ɗauki labari guda a lokaci guda, sannan a yanka shi gida biyu ko uku a riƙa fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ake magana a kansa a nan ya sha bamban da wannan, domin fim na farko ya kammala labarinsa tsaf, sai bayan shekara tara aka koma aka ƙirƙiro sabon labari da tauraron nan na farko saboda karɓuwar da ya samu.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Finafinan

An haifi Jamie Uys a shekarar 1921, ya mutu a 1996. Kafin wannan aiki ya riga ya yi suna a ƙasarsa da finafinai irin su "Dirkie" na 1969, wanda ke ba da labarin wani yaro da ya ɓace a hamada, da "Animals Are Beautiful People" na 1974 a kan rayuwar namun daji, da kuma "Funny People" na 1976, inda ake ɓoye kyamara a ɗauki mutane suna abin dariya ba da saninsu ba. Za a ga cewa hamada da dabbobi da barkwanci, waɗanda su ne ginshiƙan finafinan da ake nazari, duk sun riga sun bayyana a ayyukansa na baya.

An ƙiyasta kuɗin da aka kashe wa fim na farko a kan dala miliyan 5, wanda kuɗi ne kaɗan in aka kwatanta da manyan finafinan Amurka na lokacin. Uys shi ne ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya tace hotunan, har ma ya fito a matsayin wani limamin Kirista a wata 'yar gajeruwar fitowa. A lokacin ƙasashe da dama sun ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata, don haka aka fitar da fim ɗin waje da sunan ƙasar Botswana. Ya yi kasuwa ƙwarai a Japan, sannan daga 1984 ya bazu a Amurka, inda ya tara sama da dala miliyan 30, har ya shekara ana nuna shi a wasu gidajen silima. Na biyun ya fito a 1989, ya shiga Amurka a 1990 ta hannun kamfanin Columbia, amma abin da ya tara a can bai wuce kimanin dala miliyan 6 ba.

4.2 Taƙaitaccen Labari

4.2.1 Fim na Farko

Wani matuƙin jirgin sama ne ya sha Coca-Cola ya jefo kwalbar ta taga, ta faɗo cikin hamadar Kalahari kusa da wasu mutanen San, waɗanda Turawa ke kira "Bushmen", wato mutanen daji. Wani magidanci mai suna Xi ya tsince ta ya kai gida, aka ɗauka kyauta ce daga alloli. Da farko ta yi amfani, ana daka da ita, ana gyaran fata, ana busa ta kamar sarewa. To amma kwalba ɗaya ce, kuma kowa yana so, sai ga hassada da faɗa a tsakanin mutanen da aka ce ba su taɓa sanin mallaka ba. Ganin haka sai Xi ya ɗauri aniyar tafiya ƙarshen duniya ya mayar wa alloli kayansu.

A kan hanya labarinsa ya haɗu da wasu labarai biyu. Na ɗaya shi ne na Andrew Steyn, masanin dabbobi mai nazarin kashinsu, wanda jikinsa ke rawa da zarar ya ga mace, aka kuma aike shi ya ɗauko Kate Thompson, 'yar jarida daga Johannesburg da ta bar aikinta domin koyarwa a wani ƙauye na Botswana. Na biyu shi ne na Sam Boga, madugun 'yan tawaye, wanda mutanensa suka kai wa majalisar ministocin wata ƙirƙirarriyar ƙasa hari suka gudo. Xi ya harbi akuyar wani, domin bai san dabba tana da mai ita ba, aka kai shi kotu aka ɗaure. Mpudi, makanikin Steyn, wanda ke jin harshen San, shi ya sa aka fito da shi ya ƙarasa wa'adinsa yana yi wa Steyn aikin bin sawu. Da Sam Boga ya yi garkuwa da Kate da 'yan makarantarta, Xi ne ya saje da yaran ya riƙa harbin 'yan tawayen da 'yan kibau masu maganin sa barci. Daga ƙarshe ya isa bakin wani tsauni da gizagizai suka lulluɓe ƙasansa, ya jefa kwalbar ya koma gida.

4.2.2 Fim na Biyu

A nan sunan tauraron ya koma Xixo. 'Ya'yansa biyu, Xisa da ƙanenta Xiri, sun tarar da motar wasu ɓarayin hauren giwa, suka hau tankin ruwan da take ja domin kallo, mota ta tashi da su. Uban ya ga sawunsu ya ƙare a inda sawun taya ya fara, sai ya bi motar da ƙafa. A ɗaya gefen kuma akwai Ann Taylor, lauya daga Niyok da ta zo taro, wadda ta shiga wani ɗan ƙaramin jirgin sama tare da Stephen Marshall, masanin dabbobi, iska ta kwashe su ta kai tsakiyar hamada, jirgin ya maƙale a kan kuka. Har wa yau akwai sojoji biyu, Mateo ɗan Kyuba da Timi ɗan Angola, waɗanda suka rabu da rundunoninsu, kowane yana kama ɗaya a matsayin fursuna, in an jima reshe ya juye da mujiya. Duk waɗannan suka haɗu da ɓarayin hauren, Xixo ya taimake su, daga bisani ya sadu da 'ya'yansa.

4.3 Jigo

Babban jigon fim na farko shi ne illar mallaka da son abin duniya, kuma an rataya wannan jigo kacokan a kan abu guda, wato kwalba. Abin da mutumin birni ya yar a matsayin shara shi ne ya zama dukiya, sannan ya zama fitina, a wurin wasu. Wannan ya ba mai shirin damar juya madubi, ta yadda mai kallo zai ga rayuwarsa ta idon baƙo. A farkon fim ɗin an nuna mutanen birni suna tsere da agogo, har da matar da ke shiga mota domin ta jefa wasiƙa a akwatin da ke kusa da gidanta. Haka nan duk inda Xi ya bi, sai an ga wani abu da aka ɗauka tilas ne ya zama abin tambaya: kotu, da kurkuku, da bindiga, da kuɗi. Da aka biya shi ladan aikinsa ma, watsar da takardun kuɗin ya yi ya ci gaba da tafiyarsa.

Jigon fim na biyu kuwa shi ne ƙaunar mahaifi ga 'ya'yansa, sai ƙananan jigogi kamar wautar yaƙi da ɓarnar masu kashe giwaye. Babu shakka wannan jigo yana taɓa zuciya, kuma kowace al'umma za ta gane shi ba sai an yi mata fassara ba. Sai dai jigo ne da aka sha gani, har a aikin Uys kansa na 1969 da aka ambata a sama. Tafiyar Xi ta farko tana ɗauke da tambaya a kan yadda mai kallo yake rayuwa. Tafiya ta biyu tambayarta ɗaya ce, wato ko uban zai cim ma motar, kuma duk wanda ya saba da fim ɗin ban dariya ya san amsar tun kafin a yi nisa. A nan ne babban bambancin finafinan biyu yake, sauran bambance-bambancen duk rassansa ne.

4.4 Zubi da Tsari

Ta fuskar zubi, na biyun ya bi sawun na farkon ƙafa da ƙafa. Dukkansu sun buɗe da muryar mai sharhi wanda ba a ganinsa, yana bayanin rayuwar San kamar yadda ake yi a finafinan ilmantarwa. Dukkansu sun saƙa labarai daban-daban da ke tafiya a lokaci guda, ana barin wannan a koma wancan, har su haɗu a ƙarshe. Kowane ɓangare na fim na farko yana da takwaransa a na biyu: masanin dabbobi a nan da can, mace 'yar birni da ba ta san daji ba, abin hawa mai ba da wahala, da kuma masu ɗauke da bindiga.

Bambancin da ake iya gani shi ne, na farko yana da zare uku a cikin minti 109, na biyu kuwa yana da huɗu a cikin minti 98, domin an raba uban da 'ya'yansa kowane da nasa labarin. Wannan ya sa na biyun ya fi sauri, ba ya kuma daɗewa a kan fitowa guda. Na farkon yana da wuraren da ya yi jan ƙafa, musamman ɓangaren 'yan tawaye, wanda ya fara da kisan ministoci, abin da bai dace da yanayin raha ba. Amma duk da haka kwalbar tana riƙe da shi, domin ko an daɗe ba a gan ta ba, mai kallo ya san akwai inda aka dosa. A na biyu abin da ke haɗa zaren shi ne katari kawai, wato kowa ya ɓata a daji ɗaya a lokaci ɗaya.

4.5 Taurari

N!xau, mutumin Tsumkwe da ke arewa maso gabashin Namibiya, shi ne babban tauraro a finafinan biyu. Alamar motsin rai da ke cikin sunansa tana wakiltar wani sauti ne da ake yi da ƙasta harshe a harshensu. A fim na farko shi ne idon mai kallo, mamakinsa ne ke haifar da dariya. A na biyu an rage wannan mamaki, ya zama gwanin daji mai ceton waɗanda suka ɓata, aka miƙa wa yaran aikin ganin abubuwa a karo na farko. Yaran sun yi rawar gani, alal misali inda suke mamakin yawan ruwan da ke cikin tanki, ko inda Xiri ya ɗora itace a kansa domin kura ta ga ya fi ta tsawo ta ƙyale shi.

Inda giɓi ya fi fitowa shi ne wajen masanin dabbobi. Marius Weyers, wanda ya fito a matsayin Steyn, ya ba da mutum mai rauni guda da ya yi masa katutu: gwani ne a aikinsa, amma da ya ga Kate sai ya yi tuntuɓe ya ture duk abin da ke gabansa. Saboda haka kowace faɗuwa tasa tana da tushe a halinsa, mai kallo yana dariya yana kuma tausaya masa. Hans Strydom, wanda ya fito a matsayin Marshall, natsattse ne mai yarda da kansa, don haka nauyin ban dariya ya koma kan Lena Farugia a matsayin Ann Taylor, wadda yawancin abin dariyarta tsoron dabbobi ne da rashin dacewar tufafin birni da daji. Bugu da ƙari, na biyu ba shi da kamar Mpudi, mai barkwancin baki, wanda kuma shi ne gada tsakanin Xi da sauran mutane.

4.6 Salon Ban Dariya

Finafinan biyu sun dogara ne ga barkwancin aiki fiye da na magana, irin na finafinan da ba su da murya na zamanin Charlie Chaplin da Buster Keaton. Dabarar da Uys ya fi amfani da ita ita ce ƙara wa hoto gudu, sai a ga mutane da motoci suna zirga-zirga cikin gaggawa. Wannan dabara ba ta cin kuɗi, kuma ba ta bukatar fassara, shi ya sa fim ɗin ya sami shiga a ƙasashen da ba a jin harshensa.

Misali mafi kyau a fim na farko shi ne tsohuwar motar Steyn ƙirar Land Rover wadda ba ta da birki, kuma in ta mutu tayar da ita aiki ne. Dole ya sauka ya buɗe ƙofar shinge yayin da motar ke gangarawa da kanta, ya dawo da gudu ya tare ta. Da ta maƙale a kogi ya ɗaura igiyar ƙarfenta a reshen itace domin ta ja kanta, hankalinsa ya koma kan Kate da ƙaya ta riƙe, kafin ya waiwayo mota tana lilo a saman bishiya. A nan kowane mataki shi ke haifar da na gaba. Haka kuma batun karkandar da ke zuwa ta tattake wuta da dare, wanda Kate ta ɗauka ƙarya Steyn ya shirga mata, ya zama abin dariya kuma ya ƙara dagula tsakaninsu.

A fim na biyu jirgin sama ne ya hau bishiya a maimakon mota, dage kuma ya maye gurbin karkanda, inda ya ciji takalmin Marshall ya ƙi saki, ya yi ta binsa cikin hamada. Waɗannan fitowa suna da ban dariya ƙwarai, wasu ma sun fi na farko tsafta wajen ɗauka. Sai dai wanda ya ga na farko zai gane cewa tsohon zane ne aka rina. Barkwanci kuwa yana rayuwa ne da ba-zata, in mai kallo ya hango inda za a faɗi, rabin dariyar ta tafi.

4.7 Tasirin Kuɗi da Kasuwa

Ƙarancin kuɗi ya bar tabo a fim na farko. Akwai wuraren da muryar da aka ɗora da Turanci domin kasuwar waje ba ta dace da motsin baki ba, akwai kuma inda yankan hoto ya fito fili. Amma wannan rashin gogewa ya yi daidai da shigar fim ɗin ilmantarwa da aka yi masa, har ya zama kamar da gangan ne. Na biyun an yi shi ne bayan an san akwai kasuwa a waje, don haka hoto da sauti suka fi kyau, aka kuma mayar da tauraruwar 'yar Amurka domin jawo masu kallo na can. Duk da haka, kamar yadda alƙaluman da ke 4.1 suka nuna, abin da ya samu a Amurka kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na wanda ya gabace shi.

Wanda kashi na biyu ya fi amfana shi ne N!xau. Ɗan abin da aka ba shi a fim na farko bai taka kara ya karya ba in aka dubi ribar da aka samu, wannan kuwa ya jawo suka. A na biyu ya sami kuɗi masu kauri, har ya gina gidan bulo. Daga baya masu shirya finafinai na Hong Kong suka ɗauke shi a wasu finafinai uku tsakanin 1991 da 1994, na farkonsu shi ne "Crazy Safari", waɗanda ba Uys ne ya ba da umarninsu ba. N!xau ya koma noma da kiwo a Tsumkwe, ya mutu a shekarar 2003.

4.8 Hoton Mutanen San da Zamanin da Aka Yi Finafinan

Akwai abin da finafinan biyu suka yi tarayya a kansa wanda bai kamata dariya ta rufe shi ba. Dukkansu sun nuna San a matsayin mutanen da ba su san duniyar waje ba, ba yunwa, ba laifi, ba hukuma. Gaskiyar al'amari kuwa ita ce, a lokacin da ake ɗaukar fim na farko, Namibiya tana ƙarƙashin mulkin Afirka ta Kudu, an taƙaita ƙasar farautar mutanen Tsumkwe, da yawansu suna zaune a matsugunin gwamnati suna dogaro da rabon garin masara, tarin fuka yana cin su, sojojin Afirka ta Kudu kuma suna ɗaukar samarinsu aikin bin sawu a yaƙin kan iyaka. John Marshall, Ba'amurken da ya daɗe yana ɗaukar rayuwar waɗannan mutane, ya nuna wannan hali a fim ɗinsa na 1980 mai suna "N!ai, the Story of a !Kung Woman", wanda a cikinsa har an ga ma'aikatan Uys suna sa mutanen su maimaita fitowa.

Fim na biyu ya matso kusa da wannan yaƙi, tun da ya kawo sojan Kyuba da na Angola. Sojojin Kyuba sun shiga Angola a 1975, aka sa hannu a kan yarjejeniyar janye su a watan Disamba na 1988, Namibiya ta sami 'yanci ranar 21 ga Maris, 1990. Wato ke nan fim ɗin ya fito ne a daidai lokacin da yaƙin ke ƙarewa. Amma ya mayar da shi wasan ɓuya tsakanin mutum biyu, bai kuma nuna sojan Afirka ta Kudu a matsayin ɓangare na rikicin ba, alhali ƙasar tana tsakiyarsa. Idan a 1980 ana iya cewa mai kallo na waje bai san halin da ake ciki ba, to a 1989 an riga an yi ta suka, amma mai shirin ya maimaita hoton nan ba tare da gyara ba.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an kwatanta finafinan biyu ta fuskar jigo da zubi da taurari da salo da kasuwa da kuma yanayin zamaninsu. An ga cewa na biyu ya fi na farko tsaftar aiki da saurin tafiya, kuma labarin yaran ya ba shi taushin da na farko bai da shi. An kuma ga cewa ya gaji kusan dukkan kayan aikin na farko, in ban da abu ɗaya da ya ba su ma'ana, wato kwalbar da ta sa mai kallo ya yi wa kansa dariya. A taƙaice, abin da ya ɗaga fim mai ƙaramin jari tun farko shi ne sabuwar dabara, ita kuwa ƙarin kuɗi ba ya sayo ta a karo na biyu. A babi na gaba, wanda shi ne na ƙarshe, za a kawo sakamakon binciken gaba ɗaya tare da shawarwari.